Rasuwar Dattijuwa, Wadda Ta Cika Tana Neman "ha"

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da har yanzu ke yaji saboda ƙaurin wayar lantarkin da ta ƙone, Injiniya mai kula da littafin jagorar manhajarmu yana sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar kwamfutarsa, wadda kowa ya sani da Dattijuwa. Rai ya yi halinsa a hutun ƙarshen mako, a mazauninta na ƙarƙashin tebur, kusa da kwandon shara.

Aikin marigayiya ɗaya ne tun tasowarta. Duk sa'ad da aka gyara littafin jagora, ita ke tattara shafukansa, ta haɗa su harshe bayan harshe, ta fitar wa jama'a. Ba ta taɓa neman hutu ba, ba ta taɓa kai ƙarar kowa ba, ko da aka mai da bayanta wurin ɗora kofin shayi. In ta gama sai ta ce "ƙit" sau ɗaya, ta yi shiru. Halinta da ya fi burge Injiniya shi ne naci. Shi da kansa ya koya mata cewa in ta nemi abu ta rasa, ta sake nema, kuma kada ta fitar da littafi muddin akwai harshen da aka bari a baya. Ta riƙe wannan tarbiyya fiye da yadda ya zata.

Ciwon ajali ya shigo ne ta hanyar alheri. Kawun Injiniya, tsohon malamin makaranta, shi ya zauna da tabarau a kan karan hanci ya fassara littafin kaf zuwa Hausa, bai karɓi ko sisi ba. Abin da ya nema kawai shi ne ya buɗe wayarsa ya ga aikinsa ya fito kamar na kowa. Injiniya ya yi masa alkawari a gaban iyali, kawu kuwa ya baza labari har wurin mai aski.

To, marigayiya tana karɓar umarni ne daga fayilolin saiti guda biyu. Ɗaya yana faɗa mata harsunan da za ta haɗa, ɗayan yana nuna mata inda kowane harshe yake ajiye. A na farko an rubuta mata "ha", gajeren sunan Hausa. Na biyu kuwa ba wanda ya leƙa shi, domin kowa a ofis ya ɗauka na kusa da shi ya leƙa. Ita kuma foldar da fassarar ke ciki, kawu ya raɗa mata suna "hausa" cikakke. Da aka ce ya gajarta, cewa ya yi, "Ɗan nan, harshe mai kai da ƙafa ba na yanke masa wuya ya koma hamma." Iyalan mamaciya ba sa zargin kowa, ko da yake sun san teburin kowa.

Haka aka kulle ofis aka bar baiwar Allah da neman abin da ba a nuna mata hanyarsa ba. Ta nema, ta rasa, ta koma. Mai shara, wadda ita kaɗai ta shiga da safiyar Asabar, ta shaida cewa ta tarar da fankar marigayiya tana gurnani kamar mai ciwon ƙirji, allon kuma cike fal da "ha, ha, ha" daga sama har ƙasa. Ta ɗauka dariya take yi, ta ci gaba da shararta. Kafin a dawo aiki, zafin neman ya ƙone marigayiya. Injiniya ya ce tun da yake bai taɓa ganin abin da ya karya masa zuciya kamar wannan dariyar ba.

Ta rasu ta bar allo ɗaya, da kibod mai ɓataccen maɓalli, da linzamin kwamfuta wanda ya daɗe ba ya jin magana. Akwai kuma firinta, 'yar uwa ta nesa, wadda dama ba sa ga maciji. Ta bar kawu yana duba wayarsa safe da yamma, yana ce wa masu tambaya ai sabis ne ba kyau.

Ana karɓar gaisuwa a teburin Injiniya. Ana roƙon masu zuwa kada su ce "ai dama ta tsufa," kuma duk mai niyyar ƙara wani harshe ya buɗe fayilolin nan biyu tare kafin ya zauna.

Za a kai gawar shagon mai gyara, inda za a raba abin da ya yi saura ga mabuƙata. Sai dai an ɗan jinkirta ɗaukarta bisa umarnin kawu, wanda ya iso ofis da kujerarsa ta roba. Ya ce ba mai taɓa ta sai sabuwar kwamfuta ta fitar da shafin Hausa, a juyo allon ya fuskanci ƙarƙashin tebur.

"Ita kaɗai ce a gidan nan ta nemi aikina har ta mutu," in ji shi. "A bari ta gani."