Yadda Za Ka Zama Masanin Dodannin Fim Ba Tare da Ka Buɗe Littafin Ba

Kai da ka ce wa matarka ka karanta littafin nan alhali ko bangonsa ba ka ɗaga ba, matso kusa. Ga shi an mayar da shi fim, gari ya ɗauka, ko'ina maganar dodo ake, kai kuma ba ka san ta inda za ka fara ba. Kwantar da hankalinka. Matakai bakwai ne kacal. Ka bi su sau da ƙafa, na ba ka tabbaci ɗari bisa ɗari, kafin sati ya zagayo waɗanda suka haddace littafin ma sai sun riƙa kiranka a waya suna neman fatawa.

An gwada hanyar a kan mutum mai rai. Wani tela ne a layinmu, keke ɗaya, baki goma. Shekara uku da suka wuce matarsa, wadda nas ce, ta ba shi kyautar littafin, shafi ɗari tara da ɗoriya. Bayan kwana huɗu ya ce mata ya gama. Gaskiyar magana, akwai wani rami a ƙasan shagonsa daidai ƙafar keken ɗinki, littafin kuma ya cike ramin cif, kamar an auna. Nas kuwa mace ce da za ta yafe maka komai ban da ƙarya. Ta taɓa yin wata biyu ba ta ce wa ƙanwarta uffan ba, don kawai ta ce tana hanya alhali tana wanka. Ka ga abin da ke gaban Tela ke nan.

Mataki na 1: Kalli fim ɗin, amma kar ka kalli labarin

Labari na 'yan koyo ne. Kowa ya san yarinyar ta tsallake teku, ta shiga cikin Kada Mai Kasuwa a Ciki, ta fito da fitila. Masani ba ya ɓata idonsa a nan. Kai ka dubi inda ba wanda ke duba.

Tela ya kalli fim ɗin sau goma sha ɗaya a talabijin ɗin shago, rimot a hannu, yana tsayarwa yana mayarwa baya. A kallo na uku ya gano Dodon Gishiri, wanda ya sa matan gari ihu a sinima, yana da zif daga ƙeya har wutsiya. A na biyar ya gano mayafin Mujiya Mai Gemu, gefen dama kalmasar hannu ce, gefen hagu ta keke. A na tara ya tsayar da hoto a kan Dokin Hayaƙi, ya matsa har hancinsa na taɓa gilashi.

"Malam Tela, wandona fa?" in ji wani direba da ya yi awa guda a benci.

"Kai dai dubi wannan ta'asa. Dokin hayaƙi, amma an sa masa sirdi mai soso! Me zai riƙe soson?"

"Gobe zan yi tafiya."

"Shi ya sa duniya ba ta ci gaba," in ji Tela, ya sake mayar da fim baya.

Mataki na 2: Haddace jimla ɗaya

Ga ta: "A littafi ba haka yake ba."

Kar ka faɗe ta da sauri. Ja numfashi, kalli silin, girgiza kai kamar wanda aka yi wa rasuwa, sannan ka sake ta a hankali. Kar ka kuskura ka faɗi yadda yake a littafin. In an matsa maka, ka ce, "Haba, kai ma ai ka sani." Mutum tara cikin goma za su gyaɗa kai, domin su ma nasu littafin na tare wata ƙofa a gida.

Ka lura, jimlar tana shiga jini. Da direban nan ya dawo yana cewa wandonsa ya ɗage, abin da Tela ya faɗa masa ke nan.

Mataki na 3: Ƙirga abin da ba wanda ya ƙirga

Ilimi mai lamba ba a musunsa. Tela ya ƙirga haƙoran Kada: sittin da huɗu a farkon fim, sittin da ɗaya a ƙarshe. Ya jefa tambaya a guruf ɗin masoya fim ɗin na waya, "Ina haƙora uku suka shiga?" ya kife wayar ya ci gaba da yanka.

Kafin ya gama hannun riga guruf ya rabu gida uku. Wasu suka ce yarinyar ce ta cire su a ɓoye. Wasu suka ce alama ce ta shekara uku na fari. Wani likitan haƙori ya rubuta bayani mai tsawon gaske ya fice daga guruf ɗin cikin fushi. Aka naɗa Tela mataimakin shugaba. Da rana Nas ta aiko masa saƙo daga asibiti: "Ashe haka ka ƙware, Maigida?" Ya ji daɗi, ya kuma ji wani abu ya tsaya masa a maƙogwaro. Wannan abin sunansa lamiri. Sha ruwa, zai wuce.

Mataki na 4: Gano maƙiyinka, ka tanadi allurai

A kowane dangi akwai mutum ɗaya da ya karanta da gaske. Na Tela yayan matarsa ne, malamin lissafi, dogo, mai tabarau, wanda ake wa laƙabi da Shafi Nawa, domin ko gaishe shi ka yi sai ya nemi hujja.

Maganinsa mai sauƙi ne. Da ka hango shi, cika bakinka da allurai. Ba mai hankalin da zai tilasta wa tela magana da allura shida a leɓe.

"Surukina, an ce ka zama babban malami," in ji Shafi Nawa, yana jingina da ƙofar shago. "To, a wane babi Mujiya ta fara cin sunayen mutane?"

"Mmm," in ji Tela.

"Na huɗu ko na sha huɗu?"

"Mm-mm-mmm."

"Me kake ɗinkawa ne haka? Ban ga yadi a gabanka ba."

Tela ya dubi teburi. Wayam. Ya janyo labulen taga ya fara kafa masa allurai.

"Ba komai," in ji Shafi Nawa yana murmushi. "Ƙanwata ta gayyace ni cin abinci ranar Asabar. A teburi ai sai ka tofar da su."

Mataki na 5: In an tsare ka, kai hari

Wanda ke amsa tambaya shi ke faɗuwa. Kai ka riga su.

Ranar Asabar da rana, a falon Tela, an zuba shinkafa, fanka na juyi. Shafi Nawa ya ajiye nasa littafin gefen faranti, duk ya sha alamomi da jan biro. Ya gyara tabarau ya buɗe baki, Tela ya yi wuf ya miƙe.

"Yaya, kafin ka fara. Dodon Gishiri da mai gadin kasuwar cikin Kada, mutum ɗaya ne."

"Wane irin shirme ne wannan? Ɗaya ƙato ne kamar bene, ɗaya wada ne!"

"Mutum ɗaya ne ya sa rigunan biyu. Madam, miƙo min rimot."

Ya tsayar da Dodo. Ya zaro tef ɗin awo daga wuya ya ɗora a talabijin. Ya tsayar da mai gadi, ya sake aunawa.

"Kafaɗar hagu ta fi ta dama sauka. Ka gani? Nan ma haka. Kuma duk su biyun in za su juya sai sun fara gyara ƙugu, saboda wandon ciki ya matse su. Shekara ashirin ina auna mutane, Yaya. Fuska tana ƙarya, kafaɗa ba ta yi."

Shafi Nawa ya tashi ya karɓi tef ya auna da kansa. Ya auna sau biyu. Ya cire tabarau ya goge ya sake aunawa. Sannan ya koma kujera a sanyaye.

"Wallahi haka ne," ya ce da ƙaramar murya. "Sau tara na kalla ban gani ba."

"Sai a hankali, Yaya. Ci abinci."

Nas ta ƙara wa mijinta nama har biyu, tana kallonsa kamar yau ta fara ganinsa. Nan ya kamata mai hankali ya ce kansa na ciwo ya shige ɗaki.

Mataki na 6: Kar ka amsa tambayar matarka

Wannan matakin ka rubuta shi a tafin hannu. Tambayar maƙiyi tana zuwa da ƙara, ka ji ta ka kauce. Ta matarka tana zuwa da murmushi. In ta zo, yi tari. Zubar da ruwa a jikinka. Ce ka bar dutsen guga a kunne a shago, ka ruga.

Tela bai yi ko ɗaya ba. Nasara ta hau masa kai, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yana sakace.

"Maigida," in ji Nas a hankali, "ni tun da fim ɗin ya fito nake son in tambaye ka, kunya ta hana ni. Cikin halittun littafin da 'yan fim suka cire, wanne ya fi yi maka ciwo?"

Tela ya ja numfashi, ya kalli silin. Silin bai taimake shi ba.

"Ai... kifin nan."

"Wane kifi?"

"Mai ƙaho. Wanda ke... tafiya da baya. Haba, ke ma ai kin sani."

Cokalin Shafi Nawa ya tsaya a iska.

"Babu kifi a littafin nan," in ji Nas. Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi komai muni. "Akwai tela."

"Akwai me?"

"Tela. Wani ɗan halitta mai hannu shida, da ke hawa sama yana ɗinke ta duk inda tsawa ta yaga. Ga surutu, ga cika baki, ga saɓa alkawari, amma ɗinkinsa ba ya warwarewa. Shafi ɗari uku aka yi a kansa. Saboda shi na saya maka littafin. Shekara uku ina jira ka ce min ka gane kanka, na ɗauka kunya kake ji."

"Shafi na ɗari biyu da bakwai ya fara fitowa," in ji Shafi Nawa.

"Yaya, don Allah," in ji Nas.

"Na yi shiru."

Ta ɗauki mayafinta. "Malam Tela, ina littafin?"

Duk mijin da aka kira da sunan sana'arsa a cikin falonsa ya san an gama da shi.

Mataki na 7: Nuna kamar dama haka ka tsara

Su uku suka taka har shago, Nas a gaba, Tela a tsakiya, Shafi Nawa a baya yana gaisa da mutanen layi da fara'ar da ba a taɓa ganinsa da ita ba. Tela ya ɗaga keken. Nas ta durƙusa ta zaro littafin. Ƙafar ƙarfe ta huda bango ta nutse har babi na uku, ga man keke, ga guntayen zare. Ta kaɗe shi da gefen mayafinta, ta ɗora masa a hannu, ta juya ta tafi.

Daga ranar ba ta ƙara ce masa komai ba. Abinci yana samu, wanki yana samu, magana babu. In ya yi sallama, sai ta amsa wa ƙofa.

A nan shawarata ita ce ka nemi wani ya taƙaita maka labarin. Tela ya gwada. Ya sayi lemo ya tafi wurin Shafi Nawa.

"Yaya, ka rufa min asiri. Ƙarshen kawai."

Shafi Nawa ya shanye lemon tas, ya zaro allura ɗaya daga aljihu ya sa a baki. "Mmm," ya ce.

Sai Tela ya yi abin da duk wannan darasi ya hana. Ya zauna ya buɗe shafi na ɗaya. Keke na rawa a rami, ɗinki na tafiya a karkace, rabin layinmu muka yi sati biyu da aljihu ɗaya sama ɗaya ƙasa. Yana karatu yana taka keke, yana karatu yana cin abinci. Guruf suka yi ta cigiyarsa, bai leƙa ba. A kwana na shida aka ji shi yana dariya shi kaɗai. A na goma aka ji yana zagin tsawa.

Rana ta goma sha tara, da la'asar, ya rufe shago tun lokaci bai yi ba. Ya tarar da Nas a kicin tana yanka albasa, ta ba ƙofa baya. Ya tsaya, littafin a ƙirji, idonsa jawur.

"Ya mutu," ya ce. "Suka bar shi shi kaɗai a sama, hannu biyar sun ƙone, yana ɗinki da na shida. Kuma 'yan fim ko sunansa ba su ambata ba! Sun sami kuɗin soso, ba su sami na tela ba!"

Wuƙar ta tsaya. Ba ta juyo ba.

"Zare nawa ya rage masa?"

"Kamu ɗaya. Kuma ya ƙulle bakin ɗinkin kafin ya faɗo. Sau biyu ya ƙulle, Madam. Ni ma sau biyu nake ƙullewa."

Ta goge ido da bayan hannu, ta ce albasar nan da zafi take.

"Wanke hannunka, Maigida. Ka zo ka riƙe min tukunyar nan."

Gargaɗi

Kamar yadda ka gani, hanyar ba ta da aibi, ɗalibin ne ya kauce mata. Saboda haka mai wannan darasi ba shi da alhakin duk wani gaba, yaji, kwanan falo ko rabuwar guruf da zai biyo baya. Wanda asirinsa ya tonu shi ya sani, wanda bai tonu ba ya ci gaba da addu'a. Kar kowa ya zo min gida da ƙorafi, musamman a makon nan, domin yanzun nan na ji tawa daga ɗaki tana tambayar inda na ajiye littafin da ta ba ni bara.