Obadiya Mai Man Zaki

Wani mutum ne aka yi a Ingila, tun zamanin da ba mota ba lantarki, sai keken doki da kyandir. Sunansa Obadiya Hoskin. Kanti gare shi a kan babban titin wani ƙaramin gari, tsakanin mahauci da mai burodi. In ka tura ƙofar, ƙararrawa ce za ta fara gaishe ka, ƙililin! Sai ƙamshi ya biyo baya: ganyen shayi, kanumfari, taba gari, sabulu, busasshen kifi, duk a cakuɗe. Ga sukari curi guda kamar an kifa turmi, sai an sa ƙarfe an datsa. Ga kyandir dami-dami a rataye. Ga cuku, ga man shanu a ganga, ga igiya, ƙusa, allura, har maganin ɓera. Abin da babu a kantin Obadiya, gaskiya ce kawai.

Shayinsa rabi ganyen shinge ne. Fulawarsa da alli suke zaman aure. In yana awo, babban yatsansa na kan sikeli. Kullum ana sayen yatsan nan, kullum kuma da shi yake komawa gida. Duk abin da ke cikin kwalba kuwa, sai ya yi masa wanka da ruwan rijiya kafin ya hau kanta.

Amma duk wannan mai sauƙi ne. Babban ciwon Obadiya a baki yake.

Yana saurayi ya taɓa ɓacewa daga garin na 'yan shekaru. Gaskiyar magana, wani gari ya je na bakin teku, yana gungura gangunan manja da jiragen ruwa ke kawowa daga nan wajenmu. Iyakar zuwansa Afirka ke nan: manjan da ya ɓata masa riga. Amma da ya dawo sai ya ce farautar zaki ya je.

"Zaki?" in ji shi, yana ƙulla wa tsohuwa shayi a takarda. "Ni ban ma cika ɗaukar bindiga ba. Ido nake zuba masa, sai ka ga ya kwanta. In ya yi taurin kai, in damƙi wutsiya, in wulwula, in fyaɗa da ƙasa, tim!"

Zakunan nan kuwa haihuwa suke yi a bakinsa. Wanda ya ji labari da rani, in ya dawo da sanyi sai ya tarar sun ninka.

A kan wannan labari ya kafa babbar hajarsa: man zaki. A 'yan gwangwanaye yake zuba shi, fari sol, da ƙamshin kanumfari. Maganin ciwon baya, maganin sanƙo, maganin sanyin ƙashi, maganin tsoro. Mutanen da ba su taɓa ganin zaki ba sai a hoto, saye suke kamar ana rabo.

To, akwai wata bazawara a kusurwar titin, Madam Tabita, mai shagon yadi. Alharini, ulu, leshi, hulunan mata, shago ne da ya haɗiye na Obadiya ya nemi ƙari. Obadiya ya daɗe yana lissafi a zuciyarsa yadda zai haɗa kantunan biyu su zama nasa. Ya nemi aurenta, ta ce za ta yi tunani. Tana nan tana tunanin.

Sai maƙwabcinsa, Silas mahauci. Gajere ne, mai ƙiba, shaƙiyyi na ƙin ƙarawa. Shi in Obadiya na zuba, ba ya musu. Murmushi kawai yake yana wasa wuƙa. Kifi na ganinka, mai jar koma.

Ana nan, lokacin kasuwar shekara ya zo. Sai ga masu yawo da namun daji sun shigo gari da kekunan doki, keji bayan keji: birai, jimina, raƙumi, can ƙarshe kuma zaki, wai shi Fir'auna. Mai su wani ƙato ne da gashin baki kamar ƙahon sa, ana ce masa Lemuwel.

Ranar da suka sauka, Lemuwel ya shigo kantin sayen taba. Kanti cike. Madam Tabita na tsaye tana jiran sabulu, Silas ya jingina da ƙofa. Obadiya kuwa, ganin Tabita, ya riga ya kai tsakiyar daji, ya shaƙe zaki da hannu ɗaya, yana kora wani da ƙafa.

Lemuwel ya yi tsaki. "Ni da zan sami irinka da na huta. Mutumin da ke shiga kejin zakina ya faɗo daga keke ya karye. Gobe Asabar jama'a za su taru, ba mai shiga."

Silas ya miƙe zumbur. "Kai, baƙo, Allah ya kashe ya ba ka! Ga uban zakuna a gabanka!"

Obadiya ya ji kamar an zuba masa ruwan ƙanƙara a ƙeya. Ya yi 'yar dariya. "A'a, maƙwabci, ai na tuba da wannan. Kuma kanti ba mai tsaro."

"Ni zan tsare maka."

"Bayana ma kwanan nan yana ɗan..."

"Ga man zaki a bayanka, shafa!"

Kanti ya ɗauki sowa. Sai Madam Tabita ta ɗago ido, ta yi magana a hankali, irin ta masu auna yadi.

"Mista Obadiya, na sha jin labari. Gani kuwa ya kori ji. In na gan ka cikin kejin nan da idona, a wurin zan ba ka amsar tambayarka."

Shi ke nan. Baki shi ke yanka wuya. Obadiya ya ji bakinsa ya ce, "An gama, Madam."

Da kanti ya watse, ya zauna kan buhun gishiri ya rafka tagumi. Gudu? Ya bar wa wa kanti? Ya kwanta ciwo? Silas zai ɗauko shi a kan allon nama ya kai shi. Gaba kura, baya sayaki. Yana cikin zare ido sai ya hango wata kwalba a can sama: maganin barci, wanda matan garin ke ɗiga wa jarirai masu rigima. Ya daka tsalle.

"Ni ne Obadiya! Ɗigo kaɗan na kwantar da jariri, to kwalba guda fa?"

Asabar da sassafe ya leƙa wurin Silas ya sayi cinyar rago.

"Baƙi za ka yi, maƙwabci?"

"Ƙarfi zan ƙara."

"Allah ya ƙara," in ji Silas.

Ya koma ya tsattsaga naman, ya juye masa kwalbar tas, ya ƙara da ta biyu don kore shakka. Ya naɗe a buhu, ya zagaya bayan kekunan, ya faki ido, ya wurga ta tsakanin ƙarafa. Fir'auna ya daɗe yana mamular naman kafin ya gama da shi, sannan ya yi hamma, ya kwantar da kai. Obadiya ya dawo yana fito, har da ɗan taka rawa. Can dabara ta ƙara zo masa: tunda gari zai taru, me zai hana a yi tallar haja?

La'asar na yi, fili ya cika maƙil. Magajin gari da matarsa a gaba, Madam Tabita da hular gashin jimina, Silas ya hau kan ganga don kada komai ya wuce shi. Ga Obadiya ya fito, jar riga, dogayen takalma, gashin kansa baƙi wuluk ya sha taza. Ya leƙa keji: zaki na kwance, ido rufe. Ya ce a ransa, an yi wa ƙato sallama.

Ya ɗaga babban gwangwani sama.

"Jama'a! Ku ga asirin! Zaki in ya ji ƙamshin man ɗan'uwansa, ya san wanda ya kashe wancan zai iya kashe shi. Sai ladabi!"

Ya kwashi mai ya lafta a fuska. Ya lafta a wuya, a kunne, a hannu, har cikin gashi. Ya koma yana ƙyalli kamar ƙosai ya fito daga kasko.

"Ba girin-girin ba dai, ta yi mai!" in ji Silas daga kan ganga.

Lemuwel ya buɗe keji. Obadiya ya shiga yana taku ɗai-ɗai. Aka mai da ƙofa, ƙaraf! Ya juyo ya yi wa Madam Tabita gaisuwa da hannu, ya ɗaga ƙafa zai ɗora a gadon bayan zaki.

Sai hancin Fir'auna ya motsa.

Fuf. Fuf-fuf.

Ido ɗaya ya buɗe. Na biyu ya biyo. Garau, ba ko alamar gyangyaɗi.

A nan ne Obadiya ya tuna. Kwalaben nan, ai shi da hannunsa ya cika su. Tun bara yake ƙara musu ruwa, in sun ragu ya ƙara, in launi ya kwanta ya ɗiga shayi. Abin da ya ɗura wa zaki, ko ɗan tsako ba zai sa barci ba. Dama shi ya sa jariran garin ba su taɓa yin shiru ba. Fir'auna ƙailula kawai yake yi.

Zaki ya miƙe, ya yi miƙa, ya saki wata murya da ta sa dawakin kekuna haniniya. Gurrrr!

"Zuba masa ido!" in ji wani daga cikin taro.

"Kama wutsiya!" in ji wata tsohuwa. "Wulwula shi!"

Ina! Obadiya ya ja da baya har ya manne da ƙarafa. Zaki ya matso, yana shinshina. Ya ɗora masa hannu ɗaya a ƙirji, sai ga maharbi a ƙasa, rigijib! Ya haye kansa. Mata suka rufe ido. Magajin gari ya cire hula.

Sai aka ji: laƙwam!

Harshe ne. Harshe kamar magagari, tun daga haɓa har goshi. Laƙwam! Laƙwam! Fir'auna ya lumshe ido yana suɗe mutum kamar yaro ya sami ƙasan tukunya.

"Wayyo Allah! Ku cece ni! Ɗanɗanawa yake kafin ya ci!"

"Ai ladabi yake maka!" in ji Silas. "Ya ji man ɗan'uwansa!"

"Ba na ɗan'uwansa ba ne!"

"Na wa ne? Ɗaga murya, maƙwabci, na baya ba sa ji!"

"Kitsen tunkiya ne! Kitsen tunkiya da kanumfari! Wurinka nake saya, Silas, wanda nake ce maka na kyandir ne! Ku buɗe!"

Laƙwam!

"To, ka yi masa yadda ka yi wa na Afirka mana," in ji Madam Tabita.

"Ban taɓa zuwa ba! Manja na gungura! Ko kyanwar mai burodi tsoronta nake! Ku buɗe don girman Allah!"

Daidai nan harshen ya bi ta kansa, ya naɗo baƙin gashin nan gaba ɗaya, ya ɗaga shi sama. Ashe na kanti ne. Sai ga kan mai maganin sanƙo, tal, kamar ƙwan jimina. Zaki ya tauna gashin, ya ji ba daɗi, ya tofar, ya koma kan ƙwan ya ci gaba da lasa.

Dariyar da ta ɓarke, har birai sai da suka taya. Magajin gari ya riƙe ciki yana tari. Tsofaffin da suka shekara suna shafa mai a gwiwa, wasu na dariya, wasu na neman dutse.

Lemuwel ya shiga ba ko sanda, ya kama kunnen zaki ya ja. "Tashi, tsohon banza." Ya jawo Obadiya ta ƙafa ya fito da shi, wando sharkaf, takalmi ɗaya a keji.

"Kai kuwa da ka kwantar da hankalinka," in ji Lemuwel. "Fir'auna ya girme ni a wannan sana'a. Haƙori ɗaya ya rage masa, shi ma girgiza yake. Da ka ga na bar ka ka shiga, ka zaci hauka nake?"

Obadiya ya zauna a ƙasa, yawun zaki na ɗiga daga kunnensa. Duk da haka, kwaɗayi bai bar shi ba. Ya ɗago kai ya dubi bazawara.

"Madam... ai dai na shiga."

"Ka shiga," in ji ta, tana gyara hula. "Na kuma yi alkawarin amsa. Amsar ita ce: ba na cin sauran zaki."

Ta juya ta tafi abinta.

Obadiya ya lallaɓa ya miƙe, ya rufe sanƙo da hannu biyu, yana neman hanyar sulalewa. Sai Silas ya diro daga kan ganga, ya tare shi, ya cire hula da ladabi, ya yi magana yadda duk fili zai ji.

"Maƙwabci, kafin ka wuce. Akwai zakuna biyu da zan yanka Litinin, manya, masu maiƙo. Suna can ɗaure a bayan gida. In ajiye maka kitsen yadda aka saba?"

Gari ne ya amsa masa, manya da yara, baki ɗaya:

"Meeeeee!"