Rasuwar Injin Kunkuru, Wanda Bai Taɓa Shan Ruwa Ba

Da zuciya cike da baƙin ciki, da hannaye cike da baƙin mai, ni Zira Nehemiah na Gella nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar injin motata Kunkuru. Ya cika ranar Talata a hanyar Duvu, ana saura kwanaki kaɗan ya kai 'yata Salome coci ranar aurenta, kamar yadda na yi mata alkawari tun tana firamare.

Marigayin mai kamun kai ne. Tsawon rayuwarsa bai taɓa shan ruwa ba, iska kawai yake sha, ko a zafin Afrilu. Ya ɗauki gyaɗa, ya ɗauki awaki, ya ɗauki masu naƙuda, ya ɗauki surukata wadda ta fi su duka surutu, bai taɓa tanka mata da komai ba sai “fat-fat-fat-fat”.

Tsufa ne ya fara kwantar da shi. Gurbin metal a cikin bulok, gangar jikin injin, ya buɗe, wato mazaunin ƙarafan nan masu santsi da karanshaf, babban sandan cikin injin, ke juyawa a kansu. Muka kai shi Yola, aka rarake gurbin a injin yankan ƙarfe, ya fito sumul. To, gurbi in ya ƙara faɗi, metal mai kauri yake nema. Wanda muka samu a kasuwar Mubi kuwa irin na asali ne, yana ta rawa a ciki. Likitansa, Malam Hammanjoda makanike, ya ce biki ya matso, ba sai an jira mai kaurin ya zo daga Kano ba. Ya yanko gwangwanin madara ya cusa a bayan metal ɗin. Ya ce haka ake yi tun zamanin ubangidansa, kuma ba wanda ya taɓa dawowa da ƙorafi. Yanzu na gane dalili: ba su da motar dawowa.

Muka fita gwaji. Da fari “fat-fat-fat”, kamar saurayi. Muna kama tudu ya koma “ƙwas-ƙwas-ƙwas”. Jar fitilar mai ta haska. Sai “gau!” Daga nan shiru. Da aka buɗe gawar, an tarar gwangwanin ya zame ya toshe hanyar mai, bulok ya tsage.

Ya rasu ya bar kabureta ɗaya, tayoyi huɗu da sifiya marar iska, da batir wanda har yanzu ba a faɗa masa ba. Ya kuma bar amarya wadda ta ƙi motar haya, ta ƙi jif ɗin dangin ango. Ta ce Kunkuru aka yi mata alkawari, ba a ambaci inji ba.

Masu ƙera tukwane sun ƙi karɓar gawar, sun ce irin ƙarfenta wuta yake kamawa. Don haka za a bar shi cikin motarsa. Za a yi rakiya ranar Asabar da safe, daga gida zuwa coci, amarya a kujerar baya, ni a sitiyari. An ware wa Malam Hammanjoda tsakiyar bamba, can baya inda turawa ta fi nauyi. Mata su bar takalmi mai tsini a gida, akwai hawa kafin coci.

Ba a buƙatar furanni. Ƙarti ake buƙata.