Yadda Za Ka Burge Suruki a Filin Harbi Ba Tare da Ka Iya Harbi Ba

Bi matakan nan, na ba ka tabbacin za ka tashi da mata. Colby, mai gyaran famfo a garinmu da ke jihar Texas, ya gwada, kuma har yau yana raye.

1. Yi ƙaryar da wuri

Ranar da Colby ya je neman auren Lorna, mahaifinta, tsoho Wendell, ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Yaro, kana harbi?" Colby ya ce, "Tun ina goye, Baba." Kai ma haka za ka ce.

"To mu haɗu a fili ranar Asabar," in ji Wendell. "In na ga hannunka, sai mu yi maganar Lorna."

2. Sayi abin toshe kunne

Duk tambayar da ta fi ƙarfinka, nuna kunne ka girgiza kai.

3. Ɗora laifi tun kafin a fara

Riƙe ƙaramar bindigar, bakinta na kallon gaba don Allah, ka ja tsaki ka ce saitinta ya karkace. Gwani ba ya kuskure, kayan aiki ne ke cin amanarsa.

4. Harba

Kowa da layinsa, kowa da takardarsa a rataye can nesa. Colby ya tsaya gefen Wendell, ya runtse ido ya yi ta jan kunama har harsashi ya ƙare.

5. Kama bakinka

Aka jawo takardu. Ta Colby fes, ana iya mayar wa mai kanti. Ta Wendell kuwa tsakiyarta ta koma rariya. Tsohon da idonsa ya daɗe da rauni, abokai suna masa dariya a ɓoye, ya ɗaga ta sama. "Ku zo ku gani! Wa ya ce na tsufa?"

Mai kula da fili ya dubi takardar, ya dubi Colby, ya gane harsasan Colby ne suka karkace suka huda ta, ya buɗe baki. Sai ya ga ƙwalla a idon tsohon, ya tafi sharar ƙasa.

6. Karɓi zagi da godiya

"Kai kam, yaro, ko bango ba ka samu," in ji Wendell. "Ɗauki Lorna. Ni zan tsare ku duka."

Gargaɗi

Babu ruwan marubuci da abin da zai biyo baya. Wendell ya manna takardar a falo, ya kuma ce Colby ne mai kawo masa sa'a, don haka kowace Asabar dole ya tsaya a gefensa. Colby bai ƙi ba, don ya ƙaunaci tsohon. Abu ɗaya ke hana shi barci: ya fara iya harbi.