Waƙar da Nake Tsallakewa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da bakina ya mutu gaban 'yan mata cike da zaure ba, ni da ba a raba ni da magana.

Lokacin ina tashe. Duk Juma'a nakan saki tatsuniya a shafina, mutane suna ta yabo, ana ce mini marubuciya, ni kuma ban taɓa musawa ba. Gaskiyar ita ce, Kakata da ke Argungu ke ba ni su. In na je sai in ajiye waya kusa da ita in naɗa, in dawo unguwarmu Badariya a Birnin Kebbi in rubuta. Wurin waƙa kuwa tsallakewa nake yi (tsohuwa sai ta maimaita baiti sau biyar, wa ke da wannan lokacin?), in rubuta "sai ta yi waƙa" kawai.

Wata makarantar 'yan mata a Birnin Kebbi ta gayyace ni in karanta musu ɗaya. Kaka ta zo ganin likitan ido, sai na ɗauko ta don ta ga yadda jikarta ta zama wata abu. Shugabar makarantar ma ta gabatar da ni da cewa daga kaina nake ƙirƙiro labaran. Na gyara mayafi, na yi murmushi.

Na shiga labarin ɗiyar masunci da giwan ruwa, ina karantawa daga waya, har na kai inda za ta kira kifin. Na ce "sai ta yi waƙa", zan wuce. Shugaba ta ce in rera musu, yara za su amsa. Wallahi ko kalma ɗaya ban sani ba. Na yi ta murza waya kamar waƙar za ta tsiro a ciki.

Can daga baya Kaka ta ɗaga murya: "Ke ɗiyar ga, kihin nan ba ya hitowa sai da waƙa. Ina kika kai mini ita?"

Ta rera, zaure ya ɗauki amshi. Daga nan ba wadda ta sake kallona, har ta ƙarasa labarin.

Yanzu sunanta ne a saman kowace tatsuniya, nawa a ƙasa. Waƙar kuma na iya ta, don sau biyar ɗin nan nake zama in saurara.