Tiyon Gas a Motar Baba

Motar marigayi Baba ce, farar 504, wadda take kai mu garinmu Karshi kowace Sallah muna yara, a cushe a baya kamar buhunan masara. Har ranar ƙarshe, in na buɗe ƙofarta ƙamshin turarensa nake ji. Ƙannena suka dage a sayar wa 'yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa, ni kuwa na rantse cewa da ita zan je gida Sallah.

Tiyon birki kawai ya tsage. Na karaɗe shagunan kayan mota na Apo, babu. Wani mai shago ya ce, "Oga, wannan motar ai ta girmi babana."

Ina dawowa gida Durumi, idona ya faɗa kan tiyon tukunyar gas ɗin matata, Maman Hafsat. Na ce roba ai roba ce, abin da ya riƙe gas zai kasa riƙe mai? Na yanko, na ɗaure da waya, na zuba man birki, har ina shafa gemu.

Lafiya lau muka tafi, sai a gangaren Karshi. Na taka birki, ƙafata ta nutse har ƙasa. Maman Hafsat na salati, ni ina kokawa da sitiyari, muka kutsa gonar doyar wani bawan Allah, a gaban ƙannena da suka fito tarya.

Ba wanda ya ji ciwo. Motar kuwa, 'yan gwangwan ne suka ja ta daga gonar.

Yanzu ko gaisuwar mutuwa na je, sai autanmu ya sunkuyo a hankali: "Yaya Injiniya, birkinmu na girki yana yoyo, yaushe za ka leƙo?"