Hawayen Iya Talatu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na haska fim ɗina na farko, ranar da na so ƙasa ta tsage in shige, ni da kyamarar baki ɗaya.

Lokacin na gama wani ɗan kwas na shirin gaskiya (irin fim ɗin da ba wasan kwaikwayo ba, rayuwar mutane ake ɗauka yadda take), kaina ya kumbura sai ka ce ni na ƙera kyamara. Malaminmu ya ce labari ba ya kama zuciya sai ka samu mutum ɗaya, ka bi shi a hankali har ya buɗe maka cikinsa. Ni kuwa abin da kunnena ya ji kawai: a nemo mai kuka.

Na zaɓi wani kamfanin yaji a Bompai, zan yi fim a kan matan da ke aiki a ciki. Amma matan nan sun ƙi ba ni haɗin kai. Da na kunna kyamara sai shewa, wannan ta gyara ɗauri, waccan ta ce a gaishe mata da 'yan'uwanta na Ringim. Haba jama'a, ba mai jin tausayin kanta ko ɗaya?

Sai ranar da aka kirawo mini dattijuwar cikinsu, Iya Talatu, ta fito tsakar kamfanin ta zauna a benci. Na kwantar da murya na ce, "Iya, yaya zaman gida? Yaya Malam?"

Ta ce, "Alhamdulillahi, 'yar nan." Sai hawaye shar! Ta goge da bakin mayafi, wani ya sake zubowa. Wayyo daɗi! A zuci har guɗa na yi.

Wajen haɗa fim ɗin na zuba basira. Na rage gudun hoton, na sa sarewa mai narkar da zuciya, na ɗora muryata a kai: "Bakinta yana godiya, amma idonta yana tona abin da take haɗiyewa a gidan aure." Na yi ta maimaita wurin ina jinjina wa kaina.

Aka haska shi wata Asabar bayan la'asar a cikin kamfanin, ma'aikata suka zo da iyalansu. Na ci kwalliya, har malaminmu na gayyato. A sahun gaba ga Iya Talatu da maigidanta Malam Sale, direban tirela a Dakata, ya sha babbar riga yana ta washe baki.

Da aka zo wurin hawayen, ɗaki ya yi tsit. Na ce a raina, sun kamu! Sai Malam Sale ya juya a hankali.

"Talatu, me na yi miki? Shekara da shekaru muna tare, sai a majigi zan ji?"

Ta dafe ƙirji. "Wallahi Malam, barkono ne! Daga ɗakin niƙa aka kira ni!"

Me matan nan za su yi in ba dariya ba, har da masu faɗowa daga benci. Wata ta ɗaga murya, "Ai mu ma kullum haka muke kukan auren nan, safe da yamma!" (Ni ranar ɗaukar fim ɗin, mura ta toshe mini hanci, ban ji warin barkonon ba. Kar ku ce komai, na sani.) Malaminmu ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa.

Malam Sale dai bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce, "'Yar nan, surukaina suna zaune a baya." Kunya ta rufe ni. Da leshina da komai na durƙusa a kan simintin nan ina ba shi haƙuri, na juya na rantse wa ƙannen Iya cewa ni na ƙirƙiri maganar, 'yar'uwarsu ba ta taɓa kawo ƙarar kowa ba. Bai huce ba sai da Iya ta ce, "Ka yafe mata Malam, yarinta ce."

Yanzu in mutum ya fara hawaye a gaban kyamarata, kafin in yi murna sai na fara tambaya ko ana niƙa a kusa.